Kwas ɗin tattara bayanai da nayi a Kano bayan digirin Tarihi, ga yadda na same shi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tunda na gama kwas ɗin nan tambaya ɗaya ake ta jefo min, wai ya kai kuɗinsa kuwa? Kuma yawancin masu tambayar irina ne, waɗanda suka karanta Tarihi ko Hausa ko Soshiyoloji ko Kimiyyar Siyasa ko Nazarin Addinin Musulunci, irin digirin da in ka gama babu wani takamaiman ofis da yake jiranka. Wadda tayi Nasin ta san asibiti ta nufa, mai Famasi ya san inda ya dosa, mai Akanta ma haka, mu kuwa daga an gama bautar ƙasa sai a dawo gida kowa ya ganka sai ya ce to yanzu kuma sai me. Shi yasa nace bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, da daɗinsa da rashin daɗinsa, wanda zai kai kuɗinsa ya kai da idonsa a buɗe.

Ba zan kama sunan cibiyar ba, don akwai abubuwan da zan faɗa da ba zasu yi musu daɗi ba kuma bana so ya zama ɓatanci ga mutanen da na ƙaru dasu, sannan irinsu sun yi yawa yanzu, Kano, Kaduna, Maiduguri duk akwai su kuma kusan abu ɗaya suke koyarwa, Excel, tattara bayanai da waya, rubuta rahoto, da abinda ake kira M&E wato bibiyar aiki da auna sakamakonsa. To duk wadda kuka samu kusa daku, abinda zan faɗa zai iya yi muku amfani wajen auna ta.

Wurin a saman bene yake, ƙasansa shaguna ne na masu fotokofi da gyaran waya. Aji biyu ne da ɗan ofis, akwai fanka, akwai wurin alwala da inda mata zasu yi sallah a killace, wannan kam na yaba musu don wurare da yawa basa tunanin mu. Akwai ajin safe akwai na yamma, ni na yamma na ɗauka. Kuɗin ya kusa alawus ɗin wata guda na ɗan bautar ƙasa, wanda kun san tun watan Maris na 2025 ya koma 77,000 daga 33,000, kuma sun yarda a biya kashi biyu. Wata biyu da 'yan kai muka yi. Kwamfutocinsu basu kai yawan ɗalibai ba, mai laftof ɗinsa shi ya fi morewa, wanda bashi da ita sai a haɗa su biyu biyu wani lokacin ma uku a kan guda ɗaya, kuma kun san in mutum uku suka taru a kan kwamfuta ɗaya mutum ɗaya ne yake koyo sauran kallo suke. Solarsu kuma daga la'asar ta fara ja da baya, sai a tada janareta, shi kuma a barandar da ke jikin tagar ajinmu yake, in kana kujerar baya sai ka kasa kunne sosai kafin ka ji Malam.

Excel muka fara dashi. Ba zan daɗe a nan ba, an koya mana yadda ake share bayanan da suka maimaitu, tace layuka, VLOOKUP (dabarar zaƙulo bayani daga wani tebur), fibot tebur (teburin da ke taƙaita bayanai masu yawa) da zana jadawali. Malamin ya iya, sai dai yana da sauri, yana ɗauka kowa ya taɓa riƙe kwamfuta sosai alhali a cikinmu akwai wadda furojet ɗinta na digiri ma a shagon masu taifin aka buga mata. Da sun ware sati guda na farko don irin waɗannan da ya fi adalci.

Inda kuɗina ya fito shine ɓangaren KoboToolbox. Ga wanda bai sani ba, manhaja ce da ake tsara tambayoyin bincike a cikinta, a tura su waya, mai tattara bayanai ya shiga gari yana tambaya yana dannawa, ko babu netwok tana aiki, sai ya dawo inda akwai sabis ya tura. Asalinta daga wani shirin ayyukan jinƙai na jami'ar Harvard ta Amurka ta fito, kuma ƙungiyoyin agaji da yawa da ita suke aiki ko da 'yar'uwarta ODK. Wadda ake sawa a waya sunanta KoboCollect, a Android take tafiya, buɗe akawun kuma kyauta ne. Mai koyar da wannan ɓangaren dattijo ne da ya daɗe yana aikin fili a Borno da Yobe, kuma wallahi ana ganin bambancin wanda yayi abu da hannunsa da wanda ya karanta shi kawai. Bai tsaya a koya mana cike fom ba, sai da ya sa kowa ya gina nasa fom ɗin daga tushe a cikin Excel, shafi ɗaya na tambayoyi, ɗaya na zaɓin amsoshi, a saka sharaɗin da zai sa wata tambayar ta ɓuya in bata shafi mutum ba, misali in mace tace bata da yaro ɗan ƙasa da shekara biyar to duk tambayoyin rigakafi su tsallake da kansu, a kuma saka iyaka yadda ba zai yiwu wani ya rubuta shekara 300 a gurbin shekarun mutum ba. Ya nuna mana yadda ake saka tambayoyin da Turanci da Hausa a fom ɗaya, mai tambaya ya juya harshen da yake so. Ranar da fom ɗina ya hau waya ya buɗe babu kuskure, farin cikin da nayi sai wanda ya gani.

Kuma kullum yana maimaita mana magana ɗaya, yace masu cike fom sun yi yawa a gari, duk mai waya zai iya, wanda ake nema shine mai gina fom ɗin da kuma wanda zai zauna da bayanan bayan an dawo ya ce ga abinda suke nufi.

Sai kuma fita fili. Wannan ita ce ta bambanta cibiyar da wasu da naji labarinsu inda komai a aji ake ƙarewa. Sun nemi izinin mai unguwa a wata unguwa ta bayan gari, aka raba mu namiji da mace, binciken gwaji ne a kan ruwan sha, ina ake samowa, nawa 'yan garuwa suke sayar da jarka, wa yake ɗebowa a gidan, ana tafasawa ko ba a yi. Abu na farko da na lura dashi, mu mata muna da wata dama da ba a faɗa mana a jami'a, gidaje da yawa ba shiga ne, abokin aikina a zaure yake tsayawa ko a ƙofar gida ni in shige, kuma tambayar ruwa da girki da lafiyar yara ai matan gida ke da amsarta. Dalilin da yasa masu bincike suke neman mata masu jin Hausa sosai kenan.

Wani gida na shiga na tarar da wata tsohuwa a kan tabarma tana tsinke zogale a faranti, jikokinta na wasa a gefe. Na gaishe ta, na faɗa mata daga inda muke da abinda zamu tambaya, nace in bata so ba dole, kuma ba za a rubuta sunanta ba, don Malam ya ja mana kunne sosai a kan neman amincewa kafin tambayar farko. Tace bismillah. Muka zo gurbin shekaru.

"Inna shekarunki nawa?"

Tayi murmushi tace, "'Yar nan wa ya ƙirga? Mu ai ba a rubuta mana ba."

Fom ɗin kuma lamba yake so, ba zai wuce gaba ba sai an saka. A nan ne da yawa suke kallon fuskar mutum su danna 60 su wuce. Sai nace, "Inna kin tuna lokacin da aka daina fam da sule aka koma naira da kwabo?"

"Ƙwarai kuwa, ai sadakina da fam aka biya, ban kai ga haihuwar fari ba aka canza kuɗin."

"Lokacin auren kina kamar shekara nawa?"

"Ban wuce sha huɗu sha biyar ba."

"To rikicin Maitatsine fa, kina ina?"

Ta ajiye farantin tace, "Allah kar ya maimaita mana, ina goyon na uku muka gudu ƙauye wajen kawuna."

Naira ta shigo ranar 1 ga Janairu 1973, rikicin Maitatsine na 'Yan Awaki kuma Disamba 1980 ne, to in anyi aurenta wajen 1972 tana da sha huɗu ko sha biyar, haihuwarta ta faɗo 1957 ko 1958, kuma goyo na uku a 1980 ya zauna daidai da lissafin. Na saka 67. Da muka koma aji na bada labari, Malam yace wannan ba sabon abu bane a aikin, masu bincike na gaske kafin su fita sai sun tsara jerin manyan abubuwan da suka faru a yankin don gano shekarun mutanen da basu da takardar haihuwa, ga ƙananan yara kuma da azumi da sallah babba da damina da kaka ake lissafawa. Ya sa ni na rubuta wa ajin na Kano, naɗin Sarki Ado Bayero 1963, kisan Sardauna 1966, canjin hannun tuƙi 1972, naira 1973, kisan Murtala 1976, Maitatsine 1980, rasuwar Abacha 1998, rasuwar Sarki Ado 2014. Ban buɗe littafi ba na rubuta su, kuma washegari kowa da kwafinsa ya fita.

Na kawo wannan ne saboda mu masu irin wannan digirin an daɗe ana nuna mana kamar shekara huɗunmu a banza ta tafi, har mu ma mun fara yarda. A filin nan na gani da idona ba haka bane. Wani ɗan ajinmu da ya karanta Hausa shi ya gyara mana fassarar tambayoyin gaba ɗaya, don wadda aka fara bamu Hausar littafi ce da tsofaffi basa ganewa, ya mayar da ita yadda ake magana a tsakar gida ba tare da ma'anar ta canza ba. Wata mai Soshiyoloji ita ta jagoranci zaman tattaunawa da matan unguwar, ta san yadda zata tausa mai yawan magana ta jawo mai kunya ta ce wani abu. Mai Nazarin Addini kuwa shi ya zauna da liman da mai unguwa, yadda ya shigar da maganar ya sa aka buɗe mana ƙofofin da da kanmu ba zamu samu ba. Duk wannan ba cibiyar ce ta koya mana ba, da shi muka zo, abinda cibiyar ta ƙara mana shine wayar da fom ɗin da sunan da masu ɗaukar aiki suke gane shi dashi.

Akwai ƙananan abubuwa na aikin da sai a fili ake saninsu. In zaka ɗauki lambar wurin da gida yake a taswira sai ka fito tsakar gida inda sama take a buɗe, ka tsaya har tazarar kuskuren da wayar ke nunawa ta sauko ƙasa da mita 5, a cikin ɗaki ko ƙarƙashin rumfar kwano sai ka gaji da jira. Rana tana cin caji, fawa bank dole ne. Sannan Malam ya gargaɗe mu a kan masu zama gindin bishiya su cike fom goma daga kansu, yace wayar tana ajiye lokacin da ka buɗe fom da lokacin da ka rufe da inda kake tsaye, sufabaiza yana dubawa zai ga hirar minti arba'in an yi ta cikin minti huɗu kuma gidaje goma duk a wuri ɗaya suke. Bayan kunyar kamu ma, amana ce, don da bayanan nan ake yanke shawarar inda za a haƙa rijiya ko a kai magani.

Rubuta rahoto shima naji daɗinsa, duk da sai da aka rage min dogon sharar fage irin na jami'a. Su masu wannan aikin so suke shafin farko ya faɗi abinda aka gano da abinda ya kamata ayi. Amma ɗabi'ar da Tarihi ya saka min ta tambayar wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, me zai samu in ya faɗi haka, tayi min rana sosai, misali da muka ga kusan kowa yace yana tafasa ruwa alhali a gidajen da na shiga ban ga alamar hakan ba, na rubuta a rahoton cewa akwai yiwuwar mutane suna faɗin abinda suke ganin muna son ji ne, Malam ya ja layi a ƙarƙashin wurin yace haka ake so.

Rana ɗaya suka gayyato wata Hajiya da ta daɗe a sashen ɗaukar ma'aikata tayi mana magana a kan hanyoyin da ke buɗe ga masu irin digirinmu, kuma ni a ganina wannan zaman ya kamata ace shi aka fara dashi ba a ajiye shi ƙarshe ba. Bata ɓoye mana komai ba. Tace bankuna in zasu ɗauki sabbin ma'aikata yawanci basa damuwa da me ka karanta, sakamako suke dubawa da jarrabawar gwajin ƙwaƙwalwa da suke yi, amma suna saka iyakar shekaru wajen 26 ko 27, kuma mu da yajin aikin ASUU na 2020 ya ci mana wajen wata tara na 2022 ya ci wata takwas, da yawanmu mun wuce layin kafin mu karɓi takardar bautar ƙasa. Aikin kaki irin su Kwastam, Shige da Fice, Sibil Difens, gidan gyaran hali da kashe gobara suna karɓar digiri iri iri in sun buɗe, kuma cike fom ɗinsu kyauta ne, duk wanda yace ka kawo kuɗi zai sama maka gurbi ka kiyaye shi. Mai sha'awar harkar kula da ma'aikata akwai jarrabawar CIPM, cibiyar ƙwararrun masu kula da ma'aikata, da ba sai ka karanta fannin ba zaka fara. Mai Hausa ko Turanci ko Larabci akwai gidajen rediyo da talabijin da aikin fassara. Mai son kwamfuta sosai akwai shirin 3MTT na gwamnatin tarayya da aka ƙaddamar a ƙarshen 2023 ƙarƙashin minista Bosun Tijani, kyauta ne kuma nazarin bayanai yana cikin abinda ake koyarwa.

Sai ta tsaya a kan koyarwa ta daɗe. Tace ta san da yawanmu kallon aikin wanda ya rasa abin yi muke masa, amma shine ƙofar da ta fi faɗi, sai dai a shige ta da takarda, wato ayi PGDE, diflomar koyarwa ta bayan digiri, wadda ake samu a jami'o'i da kuma Cibiyar Malamai ta Ƙasa NTI da ke Kaduna, sannan ayi jarrabawar TRCN, hukumar rajistar malamai, a samu lasisin koyarwa. Ta kalle ni tace, "Ke mai Tarihi, kin san an cire darasinku daga firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009 daga baya aka dawo dashi, shekarun da aka yi babu shi wa aka horar ya koyar? Ki je ki yi takardar nan 'yata." Maganar ta zauna min.

To yanzu ga inda nake da ƙorafi, kuma ƙorafi ne na gaske.

Tallarsu ta wuce gona da iri. A takardar tallan an rubuta cewa suna haɗa ɗalibai da manyan ƙungiyoyin NGO, kuma ranar da naje yin rajista yaron da ke ofis ɗin ya yi ta lissafa min albashin masu aikin ƙungiyoyi kamar gobe za a kira ni. Abinda haɗawar take nufi a zahiri shine su saka ka a wani guruf na WhatsApp da ake turo tallan aikin da kai ma zaka iya gani da kanka a shafukan intanet irin su ReliefWeb ko Jobberman. Kuma babu wanda ya faɗa mana kafin mu biya cewa kasuwar aikin ƙungiyoyi ta faɗi. A watan Janairu 2025 shugaban Amurka Donald Trump ya dakatar da tallafin ƙasashen waje, zuwa Yuli an rufe hukumar USAID, ita ce kuwa take ɗaukar nauyin ayyuka da dama a arewa, lafiya, ilimi, abinci. Ayyuka sun tsaya, mutanen da suka yi shekara da shekaru a aikin sun dawo gida, kuma yanzu da su kake takarar ƙaramin gurbin da a da ba zasu ko kalle shi ba. Dattijon nan ne kawai ya faɗa mana gaskiyar a aji, shima sai da muka yi nisa. Wannan bai kamata ba. A ajinmu akwai wanda mahaifiyarsa ta sayar da tunkiyarta ta biya masa, akwai wadda adashe ta ɗauka, irin waɗannan haƙƙinsu ne a faɗa musu halin da ake ciki tun a ƙofa su yanke shawara da kansu.

Na biyu satifiket. Sai da muka zo ƙarshe aka ce akwai kuɗin satifiket daban da ba a ambata ba a farko. Ba wani mai yawa bane amma rashin faɗar ne ya ɓata min rai. Kuma ku sani takardar nan ta cibiya ce mai zaman kanta, ba wata hukuma ce ta tantance ta ba, inda naje neman aiki babu wanda ya ɗaga ta ya duba sau biyu, cewa aka yi buɗe laftof ki gina mana fom mai tambaya goma mu gani. To kar wanda ya je don takardar. Ku tabbata kun fito da fom ɗin da kuka gina da rahoton da kuka rubuta a ajiye a waya ko filashi, su ne za a tambaya.

Ɓangaren M&E ɗin ma sunansa ya fi shi girma. An taɓo ma'aunai da binciken farkon aiki da na ƙarshensa da teburin tsara manufa, amma sama sama, wanda ya gama ba zai iya cewa ya iya M&E ba, ya dai san sunayen abubuwan. Zaman gyaran CV kuma samfuri ɗaya aka raba wa kowa, har kalmomin farko iri ɗaya, in mu ashirin muka nemi aiki wuri ɗaya mai dubawa zai gane daga gida ɗaya muka fito.

Game da ko na samu aiki, na dindindin dai ban samu ba tukuna. Abinda na samu ayyukan 'yan kwanaki ne, kuma abin lura ba daga NGO suka zo ba. Na farko wani malamin jami'a ne mai digiri na uku yake neman wanda zai mayar masa da tambayoyinsa na takarda cikin waya ya kuma horar da yaran da zasu tattaro masa, na biyu wani kamfanin binciken kasuwa ne da ke son jin ra'ayin mata a kan kayan wanki. Wannan kasuwar ta ɗaliban mastas da masu digiri na uku da likitoci masu bincike tana nan kuma cibiyar bata ko ambace ta ba, alhali ita ta fi kusa da hannun sabon shiga. Amma kar in rufe ku, aikin tattara bayanai na lokaci ne, ayi sati biyu ko uku a biya ka kuɗin kwanakin, sai kuma ka zauna wata biyu shiru, babu fansho babu inshorar lafiya, wani biyan ma sai an bi shi da waya. Akwai kuma maganar hanya, wani aikin ƙauyukan da za a tura ka sai ka tsaya ka tambayi halin tsaronsu da kyau, ni akwai wanda na bari saboda mahaifina bai aminta da yankin ba kuma ban ga laifinsa ba.

Wanda bashi da kuɗin kar ya ce shikenan. Kobo kyauta ce, bayanin yadda ake amfani da ita yana shafinsu, YouTube cike yake da darussan Excel, akwai kuma Kaya da DisasterReady da suke da kwasa-kwasan aikin jinƙai kyauta har da takardar shaida. In kana da laftof ko ta aro da data da kuma naci, kaso mai yawa na abinda muka yi a aji zaka iya koyonsa a ɗakinka. Abinda ba zaka samu a intanet ba shine fita filin da mutumin da zai zauna ya duba fom ɗinka ya nuna maka inda ya karkace, da kuma abokan aji, don aikin malamin jami'ar nan ma ta hannun wata 'yar ajinmu ya zo min.

Saboda haka in zaku biya a ko'ina ne, ku tambaya tun kafin ku ciro kuɗi, za a fita fili ko a aji za a ƙare, wa zai koyar da Kobo ɗin kuma a ina ya taɓa aiki, mutum nawa ne a kwamfuta ɗaya, kuɗin da aka faɗa ya haɗa da satifiket ko akwai wani a gaba. Ku nemi su haɗa ku da wani da ya gama a zangon baya ku ji daga bakinsa, in suka fara kame-kame to kun samu amsa. In kuma akwai ajin safe ku ɗauke shi, lokacin solar tana da ƙarfi kuma ba a tada janareta ba.

Ni wannan cibiyar in za a ce in bata maki cikin goma zan bata shida, kuma kusan duk na dattijon nan ne da fitar da muka yi, in ya bar wurin ban san me zai rage ba, don haka ku tabbatar akwai irinsa kafin ku yi rajista a irin wurin. Kuɗin aikin kayan wankin nan na ajiye shi, fom ɗin PGDE nake jira a fara sayarwa in saya in sha Allah, ina yi ina karɓar aikin tattara bayanan in ya samu.